Allurar kyauta ce, amma wa ke biyan kuɗin man babur?

A ƙa'ida, duk uwar da ta kai jaririnta asibitin gwamnati ranar rigakafi ba a karɓar ko sisi a hannunta. Allurar tarin fuka da ake yi a dantse bayan haihuwa, ɗigon shan inna, allurar Penta mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi sau uku a cinya, ta ƙyanda da ta shawara a wata tara, duk kyauta ne. Amma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar kan shekarar 2023 ya nuna cewa yara kusan miliyan 2.1 a Najeriya ba su samu ko allurar Penta ta farko ba. Babu ƙasar da ta kai wannan adadi a duniya a shekarar, kuma mafi yawan yaran a Arewa suke. In abu kyauta ne, kuma ana ta zuba masa daloli shekara da shekaru, me ya sa bai isa ga waɗannan yara ba?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce iyaye ne ke ƙi. Akwai masu ƙi, ba a musu. Sai dai in mutum ya bi sawun kuɗin tun daga inda suke fitowa har zuwa inda suke ƙarewa, zai ga cewa suna ƙarewa ne tun kafin a kai ƙofar gidan da ake zargi da ƙin.

Babban mai ɗaukar nauyin sayen alluran shi ne ƙawancen Gavi, wanda aka kafa a shekarar 2000, Gidauniyar Gates ta buɗe masa asusu da dala miliyan 750. Tsarinsa ba mai wuyar fahimta ba ne. Ƙasashe masu arziki da gidauniyoyi suna tara kuɗi, Gavi ta yi ciniki da kamfanonin magani a kan sari don farashi ya sauko, sashen sayayya na UNICEF da ke Danmak ya sayo ya aiko. Ƙasar da ake taimakawa kuma dole ta sa nata kason. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, irin su Nijar, suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowace allura. Yayin da arzikin ƙasa ke ƙaruwa a lissafin Bankin Duniya, kasonta na hawa, har ranar da za a yaye ta.

Lissafin nan shi ne matsalar farko. Ana auna ƙasa ne da matsakaicin kuɗin shigar kowane mutum, wato a haɗa arzikin man fetur da bankunan Legas da kamfanonin sadarwa a raba da yawan jama'a. Da Najeriya ta sake lissafin tattalin arzikinta a 2014 ta zama ta ɗaya a Afirka, a takarda ta haye layin da Gavi ta shata, aka tsara yaye ta a 2021. Yaron da ke wani ƙauye a Tangaza ko Gada a Jihar Sakkwato bai san an yi arziki ba. Binciken da aka yi gida-gida a 2016 zuwa 2017 ya gano cewa kashi 33 cikin 100 ne kacal na yaran ƙasar suka kammala Penta uku. A Legas kashi 80 ne, a Sakkwato kashi 3. Ganin haka ya sa a 2018 Gavi ta yi wa Najeriya alfarmar da ba ta saba yi ba: ta ƙara wa'adin zuwa 2028, ta yi alkawarin kusan dala biliyan 1, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki alkawarin zuba kusan ninkin wannan, kasonta yana ƙaruwa kowace shekara.

Wannan duk maganar kwalba ce, wato ruwan allurar kansa. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Kwalbar allura tana sauka a filin jirgin sama, ta shiga babban ɗakin sanyi na ƙasa, daga nan zuwa na shiyya, zuwa na jiha, zuwa na ƙaramar hukuma, sannan zuwa firijin asibitin mazaɓa in yana da shi. Duk tsawon tafiyar nan yawancin alluran sai sun zauna tsakanin maki 2 zuwa 8 na sanyi. In sun yi zafi sun lalace, wasu kuma irin su Penta in sun daskare sun lalace. Masu tallafi sun yi ƙoƙari a wannan fannin, an raba dubban firij masu aiki da hasken rana. Amma daga firijin nan zuwa cinyar yaron da ke ƙauye mai nisan kilomita 15, abin da ake buƙata ba dala ba ce. Litar fetur biyu ce a babur, ƙanƙarar da za a jera a akwatin sanyi, auduga, katin yaro, ɗan alawus na ma'aikaciyar da za ta wuni a rana, da ɗan abin da za a ba mai shela ya zaga tun daren jiya. Kuɗi ne ƙanana, na naira, waɗanda dole su fito kowane mako, kuma a tsarin mulkin ƙasar nan nauyinsu yana kan jiha da ƙaramar hukuma. Su ne kuma kuɗin da suka fi kowanne makalewa. In ba su fito ba, ma'aikaci yana da zaɓi biyu: ya ciro daga albashinsa, ko ya zauna a asibiti ya jira wanda ya zo. Mafi yawa na biyun suke zaɓa, kuma ban ga laifinsu ba.

Wanda ya zo ɗin ma ba lallai ya samu ba. A duba yadda ranar rigakafi take a ƙaramin asibitin karkara. Mata sun jeru a kan benci tun hantsi, kowacce da goyo da kati a cikin leda. Ma'aikaciya ɗaya ce, ita ce mai awon ciki, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai cika rajista. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ce, ta tarin fuka ta yara 20, kuma da zarar an haɗa su da ruwan da ake narkar da su, bayan awa 6 sai a zubar da ragowar. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko da yaro ɗaya ne ya zo. Amma ma'aikaciyar ta san kwalabe nawa aka ba ta na wata, ta san kuma za a tambaye ta yadda ta ɓarnatar. Sai ta ƙirga 'yan wata tara ta ga uku ne, ta ce wa iyayensu, "Ku yi haƙuri, ku dawo mako mai zuwa in an taru." Matar da ta roƙi mijinta izini da kuɗin acaɓa, ta bar girki da sauran yara, ta dawo hannu rabbana. Mako mai zuwa in ta sake tambaya, amsar da za ta samu a gida ba sai an faɗa ba. A rajista za a sa wannan yaro cikin waɗanda iyayensu suka daina zuwa.

Sai kuma wata tambaya da mutanen karkara suka daɗe suna yi, wadda a ganina ba ta jahilci ba ce. Me ya sa ɗigon shan inna ke biyo mu har ɗaka sau da yawa a shekara, amma in yaro na zazzaɓi sai mun sayi maganin da kuɗinmu? Amsar ita ma tana cikin yadda tallafi ke zuwa. Shirin kawar da shan inna na duniya, wanda aka fara a 1988, yana da asusunsa daban, manufarsa guda, kuma yana biyan komai har ƙasa: motar kai kaya, alawus na masu ɗigo, allin da ake rubutu a ƙofa, alƙalamin da ake shafa wa yaro a ɗan yatsa. Rigakafin yau da kullum ba shi da irin wannan uban gida. Saboda haka ma'aikacin da ba a ba shi kuɗin mai na fita ƙauye ba, in zagayen shan inna ya zo yana samun alawus a hannu cikin kwanaki. Ba sai an tambayi inda hankalinsa zai karkata ba. An sha rufe ɗakin rigakafi na kwanaki saboda kowa ya tafi zagaye.

Zargin da wannan bambanci ya haifar ya samu tsohon miki ya zauna a kai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da jita-jitar cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta tashi a 2003, ba a sha wahalar yarda da ita ba. Kano ta dakatar da ɗigon har zuwa Yulin 2004, sai da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe masu aikin ɗigo tara a Kano, mafi yawansu mata.

Abin da ya juya lamarin ba ƙarin daloli kaɗai ba ne. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwa cikin aikin. Aka ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gidajen suna da na biki. Aka riƙa kafa sansanin lafiya inda ake duba zazzaɓi da gudawa a ba da magani kafin a yi maganar ɗigo. Wato sai da aka amsa waccan tambaya ta mutanen karkara, ko da rabi ne, sannan ƙofofi suka buɗu. An ga ƙwayar shan inna ta daji ta ƙarshe a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Nasara ce babba. Amma an gudu ba a tsira ba, domin wani nau'in ƙwayar, wanda ke rikiɗa daga ɗigon kansa a wuraren da yara da yawa ba su da kariya, yana nan yana yawo a Arewa maso Yamma. Sannan daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, ya kashe ɗaruruwan yara. Maganin mashaƙo yana cikin allurar Penta, wadda aka fara bayarwa kyauta a ƙasar nan tun 2012. Yawancin yaran da ya kama ba su kammala ta ba, a unguwannin da masu ɗigo suka sha ƙwanƙwasa ƙofa.

Akwai waɗanda suka hango wannan giɓi da wuri. A wajajen 2013 gwamnatin Kano da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Ɗangote suka fara aiki da wata yarjejeniya wadda ba ta sayen allura ba ce, ta kuɗin kai ta ce. Aka buɗe asusu guda, kowa ya zuba nasa, jiha ta fara da ƙaramin kaso, kowace shekara nata na ƙaruwa na gidauniyoyin na raguwa har ta ɗauke duka. Aka buɗe wa asibitoci asusun banki don kuɗin fita ƙauye su riƙa shiga kai tsaye, ba sai sun bi ta teburin sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Aka daina jiran ma'aikaci ya hau acaɓa ya je ɗauko allura, aka koma kai masa da mota. Gwamna da Aliko Ɗangote da Bill Gates kuma suna zama lokaci-lokaci a duba alƙaluma, abin da ke sa kwamishinan kuɗi ya saki kason jiha don kada a ji kunya. Bauchi ta biyo baya a 2014, daga nan Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe.

A ganina wannan shi ne tallafi mafi hankali da aka taɓa tsarawa a wannan fanni a Arewa, domin ya gano inda ɗaki ke yoyo. Amma bai yi aikin sihiri ba. Binciken 2016 zuwa 2017, bayan shekaru ana yarjejeniyar, ya samu Kano a ƙasa da kashi 20 na Penta uku. Kuɗin mai ba ya haifar da ma'aikaciya inda babu ita, ba ya kuma gyara hanyar da ruwa ya cinye. An ga ci gaba daga baya, bayan da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Faisal Shu'aib, ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafin yau da kullum a 2017; binciken 2021 ya kai ƙasar kashi 57. Rauninsa na biyu shi ne ya dogara da halin gwamna. Yarjejeniya ba doka ba ce. In gwamnati ta sauya, ko kunyar baƙi ta gushe, layin yana nan a kasafin kuɗi amma sakin kuɗin ya koma sai an bi.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta yi ƙoƙarin mayar da irin wannan tunani doka. Ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, rabi ya tafi inshorar talakawa, kusan rabi ya tafi asibitocin mazaɓu, ɗan ragowa ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55. Shekaru da dama abin da ke isa asibiti ɗaya bai wuce kusan naira dubu 300 duk wata uku ba, kuma daga ciki za a sayi magani, a gyara famfo, a biya mai shara, a fita rigakafi.

Sharuɗɗan shiga asusun ne suka fi jan hankalina, domin a nan maganar adalci take. Jiha sai ta kafa hukumarta ta lafiya a matakin farko da ta inshora, ta sa nata kason. Asibiti sai ya cika ma'auni na gini da ma'aikata, ya buɗe asusu, ya rubuta tsarin kashe kuɗi, kuma ba za a sake ba shi ba sai ya kawo rasit na wanda ya kashe. Asibiti ɗaya ake zaɓa a kowace mazaɓa. Kowanne daga cikin sharuɗɗan nan yana da dalili. A 2014 binciken Gavi ya gano an karkatar da dala miliyan 2.2 na tallafinta a Najeriya, gwamnati ta amince ta mayar, kuma tun daga nan aka ƙara ɗaure bakin jaka, kuɗi da yawa suka koma bi ta hannun UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda aka taɓa yi wa sata ba za a hana shi ƙara kwaɗo ba. Amma a duba wanda kwaɗon ke rufewa a waje. Mazaɓa a cikin birnin Kano ana iya zaga ta da ƙafa. Mazaɓa a Birnin Gwari ko Maru tana iya ɗaukar wuni a babur, kuma kasonsu na asibiti ɗaya ne. Mai sayar da fetur a galan a bakin kasuwar ƙauye ba shi da rasit. Akwai ƙananan hukumomin da ko reshen banki babu. Asibitin da ya fi kowa lalacewa shi ne ba zai cika ma'auni ba, shi ne kuma ke tsakiyar yaran da ba a taɓa yi wa allura ba. Haka tallafin da aka ƙirƙira don na baya yake gangarawa wajen wanda ya riga ya iya cika fom.

Alƙaluma ma suna da nasu hannu a ciki. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, don haka adadin yaran da ake sa ran kowane asibiti zai yi wa allura hasashe ne da ake ƙarawa kashi kaɗan kowace shekara. Garin da 'yan gudun hijira suka ninka yawansa, da ƙauyen da ya watse, duk a takarda suna nan yadda suke. Ga kuma matsin lamba daga sama cewa a cika adadi. Shi ya sa a shekarun da binciken gida-gida ke cewa kashi 33, rahotannin da ke hawa daga asibitoci suna nuna kusan an gama da kowa. A zagayen shan inna ma an sha kama inda aka shafa wa yaro alama a yatsa ba tare da an ɗiga masa komai ba, da yardar uwa da mai ɗigo, kowa ya huta. Mai ba da tallafi da ke biya bisa adadi yana sayen adadi ne. Kuma ko babu maguɗi, lissafi kansa yana tura ma'aikaci wajen mai sauƙi: yara 40 a unguwa ɗaya cikin gari sun fi araha a kan yara 6 a ruga uku.

Su waye na bayan nan? Ba kala ɗaya ba ne, kuma kowanne kuɗin isa gare shi daban. Akwai 'ya'yan makiyaya, waɗanda allura uku a tazarar mako huɗu-huɗu ba ta dace da tafiyarsu ba. Wanda aka yi wa ta farko a Jigawa yana iya kasancewa a Damagaram lokacin ta biyu, da katin da ma'aikacin can bai saba da shi ba. Akwai ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da gabashin Jihar Neja inda ma'aikaci ba zai shiga ba sai da yardar masu bindiga, da na bakin Tafkin Chadi inda sai da rakiyar soja. Akwai na tsibirai da fadamu da damina ke yankewa. Sannan akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, 'yan unguwannin gefen birni da suka tsiro ba tsari, a Ungogo ko Kumbotso, inda asibiti bai yi nisa ba amma layinsa ya fi ƙarfin ma'aikatansa, uwa kuma in ta wuni a layi ranar ba ta yi sana'ar da za a ci ba.

Daga 2021 Gavi ta mayar da waɗannan yara tsakiyar manufarta, ta ware dala miliyan 500 a duniya don nemo su. A Najeriya aka zaɓi ƙananan hukumomi 100 a jihohi 18 inda suka fi yawa, aka kuma ƙulla yarjejeniya kai tsaye da jihohi 8, ciki har da Jigawa, Katsina, Kebbi da Zamfara. Wannan gyara ne na gaske, domin a karon farko ana tambayar ina yaron yake kafin a tambayi nawa aka yi wa. Sai dai har yanzu kuɗin aiki ne mai wa'adi. Ana ɗaukar ma'aikata na wucin gadi, a yi shekara biyu ko uku ana fita, wa'adi ya cika. Jariran da za a haifa a rugar nan shekara mai zuwa sababbi ne, kuma Najeriya na haihuwar sama da miliyan 7 a kowace shekara. Rigakafi ba rijiya ba ce da za a haƙa a ƙaddamar a tafi.

Yanzu kuma ƙasa na motsi a ƙarƙashin duka tsarin. Daga 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, alhali kason Najeriya na sayen allura da dala ake biyansa. Fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi ya kai wajen 1,000 a ƙarshen 2024, wato kuɗin fita ƙauye na da ba ya kai babur rabin hanya. A daidai wannan lokaci jerin alluran yana ƙara tsawo: ta gudawar yara a 2022, ta sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata a 2023, sabuwar ta sanƙarau a 2024 wadda Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya, da ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, mai buƙatar zuwa sau huɗu. Kowacce alheri ce, kowacce kuma ƙarin bashi ce da za a gada in an yaye ƙasar. Sai ga 2025: gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a taron tara kuɗin Gavi da aka yi a Beljiyam a watan Yuni sakataren lafiyarta, Robert Kennedy ƙarami, ya ce ba za su ƙara ba da kuɗi ba. Kafin nan Amurka na ba Gavi kusan dala miliyan 300 a shekara. Taron ya tashi da sama da dala biliyan 9, ƙasa da biliyan 11.9 da aka nema na shekarun 2026 zuwa 2030. Shirin shan inna shi ma yana rage kasafinsa, kuma da shi za a rasa jami'an sa ido da motoci da matan unguwa waɗanda, ko da ba don haka aka ɗauke su ba, su ne ke fara kai rahoton ƙyanda da kwalara.

Gwamnatin tarayya ta ƙara kusan dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin, kuma ministan lafiya a lokacin, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya san wannan fage ciki da waje: ya taɓa shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, kuma an riga an zaɓe shi shugaban Gavi a 2023 kafin ya ajiye ya karɓi minista. Ina kyautata zaton kwalbar ba za ta yanke ba, domin yankewarta abin kunya ne da duniya za ta gani a rana ɗaya, kuma Abuja na gudun irin wannan kunya. Kuɗin man babur ne ba wanda ke ganin yankewarsu sai bayan shekara uku, lokacin da mashaƙo ko ƙyanda ya shiga gari.

Su kuwa waɗannan kuɗi suna hannun matakin mulkin da aka fi rikici a kansa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. A shekarun baya kuma an yi ta fafutukar kwashe ma'aikatan lafiya da albashinsu daga ƙananan hukumomi zuwa hukumar jiha guda, kuma jihohi da dama suna biyan albashin ne daga abin da suke cirewa a wancan asusu na haɗin gwiwa. In hukuncin ya tabbata a aikace, sai an sake zama a fayyace wa zai biya ma'aikaciyar asibitin mazaɓa, wa zai ba ta kuɗin fita, kuma wa za a tuhuma in ba ta fita ba: shugaban ƙaramar hukuma, ko kwamishina, ko Abuja. Wa'adin Gavi yana cika a 2028.